Kwaɗo a Ƙofar Garkar Goggo

Bodinga,
14 ga Agusta.

Zuwa ga taubashina Malam Badaru, malamin gona, Shagari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Salamatu da yara. Mu nan lafiya lau, sai ruwa kullum. Maigidana Sama'ila ya yi masassara kwana uku, ya tashi. Ya kunnen naka? Da kana ji a waya da ban ɓata takardar makaranta ba. Kiran da na yi maka na ƙarshe, na ce Goggo na gaishe ka, ka ce mini buhu nawa. Don haka ga wasiƙa ta hannun Ashiru direba.

Maganar Goggo ce, wato Innarka. Ka san ranar biyu ga Satumba likitocin ido sunka ba ta a Sakkwato, don a cire yanar da ta rufe mata gani shekara shida. Har na wanke mata zannuwan tafiya. To, ta ce ba ta zuwa.

Ga yadda anka yi. Shekaranjiya da safe ta shiga garkarta ta bayan ɗaki, tana lalube da sanda, za ta tsinko zogale. Sai na ji tana kirana ta kan katanga da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tada jinjiri. Na zagayo na iske ta durƙushe gaban kututturen tsamiyar da ka sa anka sare bara. Laimar kwaɗi ce ta fito, farare tas, sun kewaye kututturen kamar da igiya anka auna. Na ƙidaya, ashirin da uku. Kwana ɗaya kafin nan ni na share wurin, ko ɗaya babu.

Goggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa da yatsa. Ta ce, “Sun dawo.”

Na ce, “Su wa, Goggo?”

Ta ce, “Masu tsamiya. An rushe musu gida, sun yi shekara suna yawo, yanzu sun zo sun kakkafa laimominsu. Rage murya.”

Wai kakarta Inno ta ba ta labarinsu tun tana yarinya. Mutanen ɓoye ne ƙanana, tsawonsu bai kai muciya ba. Ba su da mugunta, in ka kyautata musu har tsutsa suke kore maka daga shukar guro, amma ba su son a gan su. Ta ce shi ya sa duk garin nan garkarta sunka zaɓa, don mai garka ba ta gani. In ta tafi anka buɗe mata ido, ta ci amanar baƙi.

Na yi dariya, ta ɗaga mini sanda. Na ce likita fa ya ce idon dama ba ya son jinkiri, in ya wuce bana ba lallai a iya ceto shi ba. Ta ce likita bai san wa ya sauka gidanta ba.

Kai ka sare tsamiya, kai ne mai ilimin tsirrai, kuma kai ɗan mace ne, ni ɗiyar namiji, don haka ba roƙo nake ba. Ka rubuto abin da zan karanta mata.

Uwargijiyarka,
Safinatu.

*

Shagari,
17 ga Agusta.

Zuwa ga Malama Safinatu, wadda ta naɗa kanta uwargijiya.

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki. Muna lafiya, Salamatu ta tafi Lambara wajen haihuwar 'yarmu, an sami mace. Ki yi wa Sama'ila sannu da jiki. Kunnena na hagu yana aiki in mutum ya matso ya buɗe baki kamar mai hankali. Ke dai a waya kamar sauro kike magana.

Batun Inna bai kai abin tashin hankali ba. Wannan tsiro da kuke kira laimar kwaɗi, mu a wajen aiki naman kaza muke ce masa. Saiwar tsamiya ce take ruɓewa a ƙarƙashin ƙasa, shi kuma abincinsa ke nan. Yana farawa daga tsakiya, yana bin saiwa ta ko'ina daidai wa daida, shi ya sa in ruwa ya yi yawa yake fitowa a zagaye. Babu aljani a ciki, babu laima. Ki karanta mata wannan a hankali, sau biyu. Ki kuma tuna mata ba don ƙeta na sare tsamiya ba, saiwarta ce ta tsaga bangon ɗakin da take kwana.

Abin da ya fi damuna yaran unguwa ne, masu shiga garka tsinkar zogale. Wani irin wannan tsiro ana ci, wani kuwa guba ne, ni kaina ba na rabewa sai na gani da idona. Yaro ba ya tambaya, baki yake kaiwa.

Saboda haka ki sa musu kwaɗo a ƙofar garka, ki riƙa dubawa da kanki safe da yamma. Kuma kada kowa ya ci naman kaza a gidan nan har sai na zo. Wannan ba wasa nake ba.

Gobe zan shiga ƙauyukan bayan Kajiji, tsutsa ta faɗa wa masara da dawa, manoma suna jirana. Na bar komai a hannunki. Ranar biyu ga wata ku kama hanya da wuri.

Naki,
Badaru.

*

Bodinga,
24 ga Agusta.

Malam Badaru,

Sallama da gaisuwa. Barka da samun jika, Allah ya raya ta, ya sa kada ta ɗauko rubutun kakanta. Mu lafiya muke, Goggo ma ta fi kowa walwala, kuma kai ne sanadi.

Wasiƙarka ta iso jiƙe sharkaf. Gilashin motar Ashiru ba ya rufuwa, ruwa ya same su a hanya. Na shanya ta bisa murfin tukunya. Gaisuwa ta fita, labarin jika ya fita, amma tsakiyarta duk ta koma shuɗin ruwa. Abin da ya tsira shi ne ƙarshe, inda ka ce a sa musu kwaɗo a ƙofar garka safe da yamma, kuma kada kowa ya ci naman kaza.

Na karanta ma Goggo. Ta ce, “Ashe karatun bai ɓata shi duka ba.”

Ni dai na yi shakka. Na ce, “Goggo, anya ba kwaɗon ƙarfe yake nufi ba, na kulle ƙofa?” Ta ce ƙofar kara ce, ɗaure da tsumma, ina za a maƙala mata kwaɗo? Na ce ko kwaɗon ruwa, tunda laimarsu ce? Ta ce wane mai hankali zai kamo kwaɗo ya aje ƙofa ya ce mishi zauna. Ta ce baƙo in ya sauka abinci ake ba shi, kuma ka ce safe da yamma, me ake yi safe da yamma in ba ci ba? Wato dai kwaɗon zogale kake nufi.

Don haka tun ranar nake dafa zogale, in daka ƙuli-ƙuli, in yanka albasa, in kwaɗa, in zuba ƙaramin kwano in aje ƙofar garka. Goggo ce mai ɗanɗana gishiri. Na safe kaji ke cinyewa, wannan na gani. Amma na yamma, bayan an rufe kaji, in gari ya waye sai a iske kwano kamar an wanke. Malam Badaru, ni malamar makaranta ce, na san abin da na karanta, amma kwanon nan ni ke ɗauko shi da hannuna.

Laimomin farko sun bushe, wasu sun fito bayansu, zagayen ya ƙara faɗi. Talatin da ɗaya. Goggo ta ce danginsu ne sunka ji labarin kwaɗo.

Maganar kaza kuma, mun bi umurni. Sama'ila ya riga ya kama jan zakaran nan zai yanka ma abokinsa da ya zo daga Dandin Mahe, wuƙa na hannunsa Goggo ta aiko a sake shi. Baƙo ya ci tuwo da miyar sure. Zakaran yanzu bisa turmina yake kwana, in na kore shi sai ya dube ni.

Sai dai abin ya fita waje. Maƙwabciyarmu Zuwaira ta gan ni da kwano, na ce mata kada ta gaya ma kowa, kafin azahar unguwa ta ji. Mata na zuwa leƙe ta zana. Wata ta zo tambaya ko masu laima za su san inda ɗan kunnenta ya faɗi. Jiya Liman Shaihu ya kira Sama'ila bayan la'asar, ya ce shin gaskiya ne ma'aikacin gwamnati ya ba da umurni a rubuce a ciyar da aljanu? Sama'ila ya ce shi bai san komai ba, ga dai takarda. Liman ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ce yana son ganinka.

Zancen asibiti kuwa, ta ce yanzu ma ta ƙara samun hujja, tunda har kai ka yarda da su. Saura kwana tara. Ka rubuto da sauri.

Safinatu.

*

Bodinga,
3 ga Satumba.

Badaru,

Sallama. Muna lafiya. Ban tambayi taka ba, don mai lafiyar hannu yana amsa wasiƙa.

Jiya ce ranar. Sama'ila ya kawo mota har ƙofar gida, na shirya kaya, Goggo ta zauna bisa tabarma ta ce ko da igiya ba a fitar da ita. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi, abin da ban yi ba tun rasuwar Babana. Mai mota ya gaji ya tafi.

Na tafi Sakkwato ni kaɗai na ba likita haƙuri. Mutumin kirki ne. Ya ce ranar ashirin ga wata ce ta ƙarshe, daga nan sun tashi sai baɗi, kuma ya maimaita abin da ya faɗa kan idon dama.

Na kira wayar Salamatu ba ta shiga. Sati biyu ke nan ina daka ƙuli-ƙuli bisa umurninka, Liman na jiranka, yaran ajina na kirana mai abincin aljanu, kai kuma shiru. In ka bar mini uwarka ne gaba ɗaya, ka faɗa, in sani.

Safinatu.

*

Shagari,
6 ga Satumba.

Safinatu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai tun da na karanta wasiƙunki abinci bai shiga cikina ba.

Jiya na dawo daga Kajiji na tarar da su biyu tare. Motar Ashiru ta lalace, ta yi kwana goma sha ɗaya wajen bakanike da wasiƙarki ta farko a cikinta. Ni kuma ina can cikin dawa hankalina kwance, ina cewa yanzu an yi wa Inna aiki, tana gida tana hutawa. Da ta biyu na fara. Na karanta zancen ƙuli-ƙuli da Liman da abincin aljanu, na ce shi ke nan, Safinatu ta taɓu. Da na buɗe ta farko sai na gane ni ne aka mayar mahaukaci a garinmu, ba na nan.

Kwaɗon ƙarfe nake nufi. Na kulle ƙofa, mai ɗan makulli. Yara nake so a tsare, su ne “musu” ɗin. Naman kaza kuma sunan laimar kwaɗin ne, na yi bayani a wurin da ruwa ya cinye. Ku yanka zakara. Ki ba Sama'ila haƙuri, ki ce ya ba abokinsa haƙuri. Shekara talatin ina yawo ƙauye-ƙauye ina gaya wa manoma tsutsa ba turen maƙiya ba ce, yau ga takarda da sa hannuna a wajen Liman.

Na ji zafin maganarki ta ƙarshe, kuma kina da gaskiya. Ban bar miki ita ba. Na saba ne in na rubuta abu a takarda sai in ɗauka ya zama.

Kada ki daina sa kwanon tukuna. Da magariba ki tankaɗe toka mai laushi, ki barbaɗa kewaye da shi, faɗin taki biyu. Da safe kafin a saki kaji ki je ki duba. Duk abin da yake cin kwaɗon nan da ƙafa yake zuwa, zai bar sawu. In Inna ta ji sawun gafiya ne ko na kyanwar Zuwaira, magana ta ƙare. Ki kira Zuwairar ma ta gani da idonta, tunda ita ce gidan rediyon unguwa.

Ki rubuto mini sakamako. Na sa wannan wasiƙa a cikin leda biyu.

Badaru.

*

Bodinga,
10 ga Satumba.

Malam Badaru,

Sallama. Lafiya lau, na huce kaɗan. An yanka zakara, ya yi tauri.

Na yi aikin toka yadda ka ce, na kira Zuwaira, ita kuma ta taho da mata huɗu. Munka durƙusa munka duba. Ba sawun kyanwa ba ne, ba na kaza ba. Wasu 'yan hannuwa ne, kowane da yatsu, girmansu bai wuce kan babban yatsana ba, sun zo daga wajen kututture, sun zagaya kwano, sun koma. Kamar an sa jinjirin da bai kai jinjiri ba ya yi rarrafe.

Zuwaira ta yi salati ta zauna cikin toka. Kafin in buɗe baki an tafi da labari. Jiya har daga Sifawa wata ta zo kallo. Na gode da dabararka, da can zato ake yi, yanzu an sami shaida.

Na karanta ma Goggo bayaninka na kwaɗon ƙarfe. Ta ce tsoron Liman ne ya sa ka canza magana.

Amma akwai abin da nake so ka sani, ba na dariya ba. Shekaranjiya ina tsefe mata kai, muna mu biyu, sai ta ce, “Safinatu, wai gaskiya ne ciro idon suke su aje bisa faranti, in sun gama wankewa su maida?” Na ce wa ya gaya mata haka? Can ta ce, “In sunka maida shi ba daidai ba fa?” Ta riƙe gwiwata gam. Da na fara bayani sai ta ce in yi sauri da kitso, lokacin kwanon baƙi ya yi.

Ni dai na yi iya yina. Saura kwana goma. Kada ka sake aiko mini dabara cikin leda.

Safinatu.

*

Bodinga,
15 ga Satumba.

Safinatu,

Assalamu alaikum. Na zo na tarar kin tafi suna Sifawa, za ki kwana biyu, shi ya sa na bar wannan wajen Sama'ila. Ina lafiya, ban da yatsu uku na hannun dama. In rubutun ya fi na kullum muni, dalili na tafe.

Daga tasha gidan Liman Shaihu na wuce, da sabon kwaɗon ƙarfe a aljihu. Na gaishe shi, na ajiye kwaɗon a gabansa, na ce Allah gafarta Malam, ga abin da na ce a sa. Ya dubi kwaɗo, ya ɗauko takardata ya sake dubawa. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga kafaɗunsa suna rawa har rawaninsa ya karkace. Da zan tafi ya matso kunnena ya ce in riƙa rubutu kamar mai tsoron Allah.

Bayan la'asar na shiga garka na bi sawun. Ya wuce kututture, ya shige ƙarƙashin tsohon karan da aka jingine a bango, inda fasasshen tulun nan yake kife. Na durƙusa na zura hannu, abin da nake hana manoma yi kullum. Na fito da shi da sauri. Bushiya ce, ta dunƙule, ga 'ya'yanta huɗu a bayanta, ƙayarsu ko tauri ba ta yi ba. Ta yi ƙiba, Safinatu. Ban taɓa ganin bushiya mai wuya ba sai wadda kika yi wa girki kusan wata guda.

Na mirgina ta cikin hulata na kai wa Inna, tana zaune a ƙofar ɗaki. Na gaishe ta, ta amsa tana fuskantar bango. Kin san zamanmu, ita ba ta gani, ni ba na ji, ga kunya a tsakani. Na ɗora mata hular a cinya. Ta shafa a hankali, ta taɓa ƙayar. Na zaci za ta yi mamaki. Sai ta sunkuya ta yi wa bushiyar magana, da ƙarfi, ta wajen kunnena na hagu.

Ta ce, “Ke bushiya, ai na san ke ce tun kwana na biyu. Aljani ba ya atishawa cikin kwano.”

Na ƙara matso da kunnen.

Ta ce, “Ki gaya ma mai wagga hula, ubanshi da ƙafafunshi ya shiga asibiti, kwance anka maido min shi. Ni ba a aiko min takarda a ce in tafi a sa min wuƙa ga ido, wanda ya shirya abin yana can yana kiwon tsutsa.”

Shekarata hamsin da takwas, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Sai ni ma na dubi hular. Na ce, “Bushiya, ki ce mata ba a ciro ido. Ki ce mata ni zan kai ta, zan riƙe hannunta har a gama, in likita ya kore ni in tsaya a bakin ƙofa inda za ta ji tarina.”

Ta ce, “Ki ce mishi na ji. Ba ni ce kurma ba.”

Na mayar da bushiya wajen 'ya'yanta. Kada ki ɗauka an gama da masu laima. Inna ta ce suna nan, bushiyar ma dabbarsu ce, kiwonta suke, kuma ba za a daina sa kwano ba tunda mai jego ce. Ban yi musu ba. Na kewaye laimomin da ƙaya saboda yara. Kwaɗon ƙarfen kuwa, na zagaya ƙofar garka sau uku, gaskiyar Inna ce, babu inda za a maƙala shi.

Zan koma in nemi hutu, in dawo ranar sha tara. Ki sake wanke zannuwan.

Badaru.

*

Shagari,
24 ga Satumba.

Safinatu,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, Salamatu ta dawo, tana gaishe ku da mai jiki. Ki kula da maganin ɗigawa, sau huɗu a rana, kuma kada ki bar ta ta sunkuya a garka ko ta shiga hayaƙi.

Na gode. Ban iya faɗa a gabanki ba, don na san sai kin yi shekara kina tuna mini.

Tambaya ɗaya nake da ita. Washegarin aiki, da aka cire mata auduga, ta juyo ta dube ni ta faɗi wani abu. Ke kika yi dariya, ma'aikaciyar jinya ta yi, har tsohon da ke gadon kusa ya riƙe ciki. Ni ma na yi dariya don kada a gane, amma ta wajen kunnen dama take, ban ji ko kalma ɗaya ba. Kwana uku ke nan abin yana cina. Me ta ce?

Badaru.

*

Bodinga,
26 ga Satumba.

Taubashina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mai jiki ta fi mu. Idon ya washe, kuma tun da ta dawo ba mu huta ba. Ta ga tsagar bango, ta ga yanar gizo bisa kwanoninta, ta ce ashe shekara shida ƙarya nake mata da nake cewa na share. Ta dubi Zuwaira ta ce a murya ta fi kyau. Jiya da magariba ta sa na kai mata kujera ƙofar garka, ta zauna ba motsi har bushiya ta fito da ɗiyanta a jere. Ta daɗe tana kallo. Ta ce masu laima dai ba su fito ba, sun san an buɗe ido, mutane ne masu kunya.

Ga amsarka. Da anka cire auduga ta ƙifta ido, ta dubi hannunta, ta bi hannun da ke riƙe da shi har zuwa fuskarka. Ta ce, “Safinatu, wane ne wanga tsoho?” Na ce, “Malamin gona ne, Goggo.” Ta ce, “Ku ba shi kujera, ya fi ni buƙata.” Abin da anka yi ma dariya ke nan.

Akwai saura, wanda ni kaɗai na ji. Da ka tashi za ka karɓo magani, ta bi ka da ido har ƙofa. Ka san kai ɗan fari ne, tun da nake ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, daga “wancan” sai “malaminku”. Kana tsaye ka ba mu baya, kana ta cewa mai magani ya maimaita, sai na ji ta ce, “Badaru.” A hankali, kamar tana gwada ko bakinta zai iya. Ta sake cewa, “Badaru. Dubi yadda ya yi furfura ban gani ba.”

Ta juyo ta ga ina kallonta. Ta goge idon da ba a yi ma aiki ba da bakin gyale, ta ce, “Ai ba ya ji. In kika gaya mishi, ni da ke ne.”

To, ban gaya maka ba, rubutawa na yi. In ka zo Juma'a ka gaishe ta kamar kullum, kada ka nuna ka sani.

Taka,
Safinatu.